Tsautsayi Ne Ko Kuwa Sakaci?

Akwai kalma guda wadda ba a rasa jinta duk inda aka yi haɗari a ƙasar nan, ita ce tsautsayi. Mota ta buge yaro a bakin kasuwa, tsautsayi ne. Inji ya datse wa lebura yatsu, tsautsayi ne. Katanga ta faɗo wa mai wucewa, a ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daga nan sai a yi wa mai rauni sannu, a kai shi asibiti ko wurin mai ɗori, danginsa su shiga sayar da akuya da hatsi don kuɗin magani. Wanda ya jawo abin kuwa ya zo da 'yan rakiya ya ba da haƙuri, magana ta mutu. Ni ban musa ƙaddara ba, kuma ba na zaton akwai mai imanin da zai musa ta. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne, cikin abubuwan nan da muke kira tsautsayi akwai masu yawa waɗanda sunansu na gaskiya sakaci, kuma shari'a, ko ta Musulunci ko ta Turawa wadda muka gada, ta ɗora wa mai sakaci biyan diyya.

Wasu suna tsammanin neman diyya baƙon abu ne da Bature ya kawo mana. Ba haka ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin nan na Ƙairawan wanda ya rasu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ya san hukuncin kisan kuskure: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ido ɗaya rabin diyya ne, haka hannu ɗaya. Yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Littafin ya nuna cewa in dabba ta taka mutum, mai kora ta da mai janta da wanda ke bisanta su ne da ramuwa. In dabbobi sun shiga gona da dare sun yi ɓarna, masu dabbobin ne za su biya. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara nesa ba kusa ba, amma ba su ce ƙaddara ta yafe wa mai doki ba. Wani abin lura kuma shi ne, diyyar kisan kuskure ba a barin ta a kan mutum ɗaya. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara 3. A riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da irinsa in mun zo maganar inshora.

Ita kuwa dokar sakaci da manyan kotunanmu ke aiki da ita, daga Ingila muka samo ta, kuma tushenta wani labari ne mai kama da tatsuniya. A watan Agusta na 1928, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shan shayi a garin Paisley na ƙasar Sikotilan tare da wata ƙawarta. Aka saya mata lemon citta cikin kwalba mai duhu, wadda ba a ganin abin da ke cikinta. Ta sha wani abu daga ciki, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, in ji ta. Ta yi ciwon ciki, ta kai ƙarar mai yin lemon, wani David Stevenson. To, ga inda gizo ke saƙar. Ba ita ta sayi lemon ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle mai kamfani wanda bai taɓa ganinta ba. A dokar wancan lokaci kamar ba ta da bakin magana. Shari'a ta yi ta hawa har Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a zamanin ita ce kotun ƙarshe. A 1932 alƙalai 3 cikin 5 suka ce tana da ikon yin ƙara. Ɗaya daga cikinsu, Alƙali Atkin, ya yi bayani da misalin maƙwabtaka. Ma'anar bayaninsa ita ce, wajibi ne mutum ya kula kada ya cuci maƙwabcinsa, kuma maƙwabci a shari'a shi ne duk wanda hankali zai nuna maka cewa aikinka zai iya shafarsa, ko da yana wata uwa duniya. Abin dariya, har yau ba a tabbatar a gaban alƙali ba ko akwai dodon koɗin a kwalbar ko babu, domin Stevenson ya mutu a wannan shekara, magadansa suka sasanta da matar a kan fam 200.

Daga wannan shari'a da waɗanda suka biyo bayanta aka san abin da mai ƙara zai tabbatar kafin a ba shi ko kwabo. Da farko sai ya nuna cewa akwai haƙƙin kula da lafiyarsa a wuyan wanda yake ƙara. Wannan bai cika wuya ba, gama kowa ya san direba yana da haƙƙin masu tafiya a hanya, likita yana da haƙƙin majinyaci. Na biyu, ya nuna an tauye wannan haƙƙi. A nan alƙali yakan auna aikin wanda ake ƙara da aikin mutum mai hankali, watau ba gwani na ƙarshe ba, ba kuma wawa ba, mutum dai tsaka-tsaki wanda ke duba burki kafin ya hau hanya. Shari'a ba ta ce kada a taɓa yin haɗari ba. A 1951 aka yanke hukuncin ƙarshe a ƙarar da aka yi wa wata ƙungiyar wasan kurket a Ingila saboda ƙwallo ta tsallake shinge ta bugi wata mata a kan titi. Kotu ta ga cewa cikin shekaru kamar 30 'yan lokuta kaɗan ne ƙwallo ta taɓa fita, ga shinge mai tsawo, ta ce babu sakaci. Wannan shi ne tsautsayi na gaskiya, kuma ba a biyan diyya a kansa.

Na uku shi ne mai wuyar, watau a nuna cewa sakacin ne ya jawo raunin. A safiyar sabuwar shekara ta 1966 wasu masu gadi uku a birnin Landan suka sha shayi, suka kama amai, suka tafi asibiti. Likitan da ke aiki bai fito ya duba su ba, ya aiko a ce musu su koma gida su ga likitocinsu. Ɗaya daga cikinsu ya mutu bayan 'yan sa'o'i, aka gane guba ce a cikin shayin. Matarsa ta yi ƙara. Alƙali ya yarda likita ya yi sakaci, amma ya ce ko da an kwantar da mutumin a lokacin, maganin gubar ba zai iso shi kafin rai ya yi halinsa ba. Matar ta fita ba ta sami komai ba. Ni kam da na fara jin wannan hukunci na ga kamar rashin tausayi ne, kuma har yanzu yana yi mini nauyi, amma ƙa'idar ke nan: ba a biyan mutum don an yi sakaci kawai, sai in sakacin ya cuce shi. Na huɗu kuwa, dole a ga cutar da aka yi, karaya ce ko ƙuna ko rasa aiki ko rasa rai. Wanda mota ta kusa bugewa ya tsira lafiya lau, godiya ga Allah ce tasa.

Wani lokaci mai rauni bai san yadda abin ya faru ba, ya dai farka a gadon asibiti. Shari'a ba ta yar da shi ba. A 1863 gangar gari ta faɗo daga tagar wani shago a Libaful bisa kan mai wucewa. Babu wanda ya ga yadda ta suɓuce. Alƙalai suka ce ganga ba ta faɗowa daga bene haka kawai, abin da kansa shaida ne, sai mai shago ya kawo hujjar cewa ba laifinsa ba ne. Haka ake yi in mota ta bar titi ta hau dakalin mai shayi, ko in an manta almakashi a cikin mara lafiya bayan fiɗa.

Yanzu bari mu duba ire-iren ƙarar da aka fi yi. Ta farko, wadda ta fi kowace yawa, ita ce ta haɗarin hanya, kuma ita ce ta fi shafarmu mu 'yan makarantar kwana, gama sau shida a shekara muna kan hanya da akwatunanmu, zuwa da dawowa. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ran hutu ya san yadda ake yi: kujerar mutum uku a cusa huɗu, a ɗora kaya har motar ta durƙusa, taya ta suɗe kamar tafin hannu, direba bai yi barci ba tun jiya, ga gudu don ya dawo ya yi wani sawu. In taya irin wannan ta fashe, babu alƙalin da zai kira shi tsautsayi. Kuma ba direba kaɗai ake kamawa ba. In yana tuƙi ne a bakin aikin maigidansa, maigidan ma yana ciki, ko da yana kwance a gida lokacin da abin ya faru. Hikimar ita ce, wanda ke karɓar ribar mota shi ya kamata ya ɗauki nauyin ɓarnarta, shi ne kuma mai ikon sayen sabuwar taya.

A nan ne iyayenmu suka fi yin asara, saboda tausayi. Sukan dubi direba su ga talaka ne ɗan'uwansu, su ce me za a samu a wurinsa, a bar wa Allah. Abin da ba su sani ba shi ne, tun 1945 aka yi doka a Nijeriya cewa kada mota ta hau titi sai da inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni ko magadan wanda ta kashe. Takardar nan da direbobi ke miƙa wa 'yan sanda a shinge, ba don 'yan sanda aka yi ta ba, don wanda aka buge aka yi ta. A watan Janairu na 2023 aka mai da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga Naira 5,000, aka kuma ɗaga abin da za ta biya na ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Watau dubban masu mota suna zuba kuɗi wuri guda, in ɗayansu ya yi ɓarna a ɗiba a biya. In ka duba da kyau, aikin aƙila ne aka ba kamfani. Saboda haka uban da ya ce ya yafe, sau da yawa ba direba ya yafe wa ba, kamfanin inshora ya yafe wa, shi kuwa kamfanin ko sannu bai zo yi ba. Matsala guda ita ce takardun jabu da ake sayarwa da araha a bakin ofisoshin lasin. Mai irin wannan takarda, ran da ya buge mutum, daga aljihunsa zai biya. Ana iya duba lambar mota a intanet a ga ko inshorarta ta gaskiya ce.

Sai dai mai rauni ma ana auna nasa aikin. Ɗan acaɓar da ya ƙi sa hular kwano, ko wanda ya tsallaka titi a guje alhali ga gadar ƙafa a kusa, ko wanda ya maƙale a bayan tifa, in an ji masa rauni za a rage diyyarsa gwargwadon nasa laifin. In alƙali ya ga kashi 30 cikin 100 na laifin nasa ne, sai a cire masa kashi 30. A da can a Ingila, kafin 1945, ko laifinsa bai fi ƙwayar gero ba sai ya rasa duka. An gyara wannan, mu ma aka gyara a nan.

Iri na biyu shi ne raunin wurin aiki. Maigida wajibinsa ne ya ba ma'aikaci kayan aiki masu lafiya, da abokan aiki da suka san aikin, da wuri marar haɗari. Injin niƙa da bel ɗinsa ke buɗe, tsanin magini da ya ruɓe, masana'antar fata inda ake taɓa sinadari da hannu babu safa, duk abin ƙara ne. A 2010 aka yi sabuwar dokar biyan ma'aikata diyya, wadda ta sauƙaƙa abin ƙwarai. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa ko komawa gida, ko ya kamu da cuta saboda irin aikin, asusun ne zai biya shi, ba sai ya tabbatar da laifin maigida ba. Sharaɗi shi ne a sanar da maigida cikin kwana 14, a nemi diyyar cikin shekara guda. Abin baƙin ciki, leburan gini da yaran mota da masu dako, waɗanda suka fi kowa jin rauni, yawancinsu babu sunansu a kowane littafin albashi.

Iri na uku, na asibiti, shi ne mutane suka fi jin nauyin yi, kuma shi ya fi wuyar ci. Ba kowane majinyaci da ya mutu ne aka yi wa sakaci ba. Ma'aunin da kotun Ingila ta kafa a 1957, wanda namu alƙalan ke dubawa, shi ne ko likitan ya yi abin da likitoci masu sanin ya kamata za su yarda da shi. To, wa zai faɗi wannan in ba wani likita ba? Samun likitan da zai tsaya a kotu ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da haka akwai abubuwan da ba su da mafaka: ƙarin jinin da bai dace ba, allurar da aka ninka, yanke ƙafar da ba ita ce mai ciwo ba, ko yin aiki a jikin mutum ba da izininsa ba. Maganar izini ce ta tashi a Kano bayan annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Yara kamar 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganin ba, kuma bai taɓa amsa laifi ba. An yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka har 2009, sa'an nan aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan faruwar abin. A shari'ar Musulunci ma, wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san aikin ba, shi ke da ramuwa. Masu shagon magani da ke yin allura a bayan labule su ji wannan.

Iri na huɗu shi ne na kayan sayarwa, jikokin dodon koɗin nan. A 1973 wata kotu a Legas ta kama wani kamfanin biskit da laifi saboda wata mata ta tarar da ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit ɗin da take ci. A 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wata 'yar kasuwa diyya a kan kamfanin da ya sayar mata da firiji mai aiki da kananzir, wanda ya fashe ya ƙona ta. A 2008 kuma Kotun Ƙolin ta ba wani mutum gaskiya, wanda ya tarar da mushen kyankyaso a kwalbar Fanta bayan ya sha, ko da yake ya yi fiye da shekara 10 yana bin kotuna kafin ya kai ga haka. Wanda irin wannan ta same shi kada ya zubar da kwalbar don ƙyama, ita ce babbar shaidarsa.

Akwai kuma haƙƙin mai wuri a kan masu shigowa. Rijiyar da aka bari babu murfi, ramin masai da aka haƙa ba a killace ba, wayar lantarki da ta tsinke aka bar ta kwana da kwanaki, kududdufin da masu gini suka bari a unguwa har yaro ya faɗa. Shari'a ta fi tsanantawa in yara ne, domin ta san yaro ba ya karanta allon gargaɗi. Makaranta ma tana cikin wannan, gama an ɗauke ta a matsayin uba mai kula. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da madafa, da filin wasa, da motar makaranta, duk amana ce. Amma wanda ya tsallake katanga da dare don ya je gari ya karye, sai ya nemi wani abin da zai gaya wa mahaifinsa.

Diyyar da kotu ke bayarwa kashi biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa da alƙalami: kuɗin asibiti, da na magani, da na mota, da albashin watannin da aka yi a kwance. Wannan ba a ba da ita sai da rasit, kuma mu Hausawa ba mu iya ajiye rasit ba, sai dai a ƙunshe ƙosai da shi. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa, ta zafin ciwo da nakasa da abin da mutum zai rasa nan gaba. Yatsan tela ba ɗaya yake da yatsan mai gadi ba a wannan lissafi, ko da yake a Risala farashinsu guda. A kuma gane cewa shari'ar da 'yan sanda ke kai direba daban take. Tarar da aka ci shi ta gwamnati ce. Wani lokaci alƙali kan haɗa da umurnin a ba mai rauni wani abu, amma cikakkiyar diyya sai shi da kansa, ko magadansa, sun nema.

Ban ce yafiya laifi ba ce. Mai haƙƙi yana da ikon yafewa, kuma akwai lada. Sai dai a ganina yafiya ta mai haƙƙi ce, bayan ya san abin da yake yafewa. Abin da aka saba gani shi ne kawu ko mai unguwa ya yafe a wurin zaman makoki, alhali ga mata da marayu biyar a cikin gida ba a tambaye su ba, su ne kuwa magada, su ne kuma za a cire daga makaranta baɗi.

Wanda ya yi niyyar nema kada ya yi jinkiri. A sami rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, da takardar likita, da lambar mota, da sunayen waɗanda suka gani tun ba su watse ba. Kowace jiha tana da wa'adin da ta yanka na shigar da ƙara. A Legas shekara 3 ce ga rauni na jiki. In kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, kamar direban ma'aikata, akwai tsohuwar dokar da ke kāre jami'an gwamnati wadda ta ba da wata 3 kacal, kuma lauyoyin gwamnati ita suke fara ɗagawa kafin a taɓo maganar rauni. Wata 3 ɗin nan kuwa sau da yawa yakan cika mai karaya bai ko fara taka ƙafarsa ba.